Wanda Ke Sauka Ya Tura

Asabar, bayan La'asar

Yau ba wanda ya zo gidan kallona sai 'yan yara ƙalilan da akuyar maƙwabta. Akuyar ce kaɗai ba ta nemi ragi ba. Na tada janareto, na sa masu fim ɗin jaruman nan masu tashi sama cikin matsattsun kaya, na koma bakin ƙofa ina sauraron feturina yana ƙonewa.

Tun harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen su Mairama, matata, can bayan Rawayau, har suka kashe ɗan'uwanta Sadiƙ, mutanen Kurfi suka daina biyan kuɗi don su ga ana harbi. Ban ga laifinsu ba.

Wannan littafin na makarantar Zaituna ne, ɗiyata ƙarama, na sace mata. Ni Ubaidu Mai Kallo, wanda ya bar sakandare a aji biyu saboda malamin lissafi ya kasa gane ni, yau ni ne da rubutu. In na buɗe baki a gida, dariya ake jira. Takarda ba ta jiran komai.

Lahadi, da hantsi

Mutumin ya dawo gida da hula. Baƙa ce, da hoton Alhaji Tukur mai taki a gabanta yana murmushi. Ya ajiye ta kan turmi, duk muka yi kamar ba mu gani ba. Hular 'yan sa-kai ce. Jiya Alhaji ya raba masu a Dutsin-Ma, da tocila da fetur.

Mutumin shi ne ɗana na fari. Ba na kiran sunanshi, uwarshi ma ba ta kira, haka muka taso muka tarar. Ita "yayan Zaituna" take cewa, ni "mutumin". Na ɗauka biro ba shi da kunya, yanzu na gwada rubuta sunan, hannun ya ƙi. Shekara ashirin da 'yan kai ban taɓa cewa da shi zo mu zauna mu yi magana ba. In ina son ya ji abu, sai in faɗa wa katanga da ƙarfi, ko in mai da shi wasa.

Don haka na ce wa katanga, "Kai, wannan hula ta yi. Ko harsashi ya zo ya ga Alhaji na murmushi, ai sai ya gaishe shi ya wuce."

Zaituna ta yi dariya. Mairama ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa ya ce, "Baba, Kawu Sadiƙ ba a fim aka yi mashi abin da aka yi mashi ba." Ya ɗauki hularshi ya fita.



Talata, bayan Azahar

Shekara da shekaru ina kallon jaruman nan kyauta, tunda talabijin tawa ce, na yi masu nazarin da ko 'yan jami'a ba su yi ba. Iri biyu ne.

Akwai wanda ya sayi jarumtarshi. Ubanshi ya bar mashi dukiya, ya sa aka ƙera mashi rigar da harsashi ba ya hudawa, da mota, da mai dafa mashi shayi in ya dawo daga ceton duniya. In rigar ta fashe, akwai wata a rataye. Akwai kuma wanda tsautsayi ya ba shi: wani abu ya fashe mashi a fuska, ko aradu ta faɗo mashi, ya farka da ƙarfi. Wannan da rana yana neman kuɗin haya, in ya dawo ya zauna yana ɗinke rigarshi da allura. Ko a fim sai talaka ya sha wuya kafin a ba shi ƙarfi, kuma ƙarfin ba ya biya mashi haya.

Na fara yi wa yaran bayani, ɗaya ya ce, "Baba Ubaidu, don Allah ka yi shiru, muna kallo."

Da yamma Zaituna ta ce in yi mata namu jarumin, na Kurfi. Na ƙirƙiro mata Ɗan'auta Mai Tashi. Allah ya ba shi baiwar tashi sama, amma da sharaɗi: sai ya ƙoshi. To, ka san gidansu. Ranar tuwo da miyar kuka yakan kai tsayin katanga. Ranar koko zalla ƙafarshi na jan ƙasa. Sau ɗaya ya taɓa wuce bishiyar darbejiya, ranar sunan jikan wani Alhaji. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin yana zaure yana goge tocilarshi, na ji shi ma ya yi 'yar dariya ta hanci.

Alhamis, da yamma

Mutumin ya kawo riga daga wurin wani malami a Birchi, rigar layu, irin wadda ake cewa ƙarfe ba ya ci. Na ɗaga ta na juya. Gaba cike da layu, baya fayau. Wai kowace laya da sadakarta, kuma abin da ke hannunshi na gaba kawai ya isa. Tun da mai babur ɗin da yake acaba da shi ya karɓe kayanshi, aljihun nan iska ke kwana ciki. Malamin ya lallashe shi da cewa namiji ba ya juya baya.

Na ce wa katanga, "Malam ya yi gaskiya. In an ce a gudu, sai mutum ya riƙa gudu da baya-baya yana kallonsu."

Ba wanda ya yi dariya, har katangar.

Can sai ga Ikrima, abokinshi tun firamare. Ubanshi ne mai babban shagon kayan babur a bakin kasuwa. Ya zo kan sabon babur, ko ledar kujera ba a cire ba. Da ya durƙusa gaishe ni na ga ƙirjinshi ya yi tudu. Ashe sulke ne ƙarƙashin rigar, irin na sojoji, ubanshi ya aika aka sayo daga Kano. Gaba da baya.

Yaron kirki ne. Ya ce, "Baba, kada ka damu, a bayana zai zauna. Inda na sa ƙafa nan zai sa."

Na ce, "Allah ya yi albarka." Ga jarumaina iri biyu tsaye a tsakar gidana, ko tikiti ban saya ba.

Juma'a, bayan La'asar

Na je Dutsin-Ma wurin Alhaji Tukur. Na sa rigar Sallah, na haddace abin da zan faɗa tun cikin mota.

Falonshi sanyi kamar cikin randa. Yana ganina ya ce, "A'a, Ubaidu sarkin ban dariya! Zo ka ba mu ta yau." Na ba su ta yau, na ƙara da ta jiya. Baƙinshi suka yi ta tuntsira dariya. Da na ga ya share hawaye, na matsa na rage murya.

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki, yaron wajena ne. Ko za a sa shi cikin masu lodin taki a sito? Ko gadi ma, yana da ƙarfi. In ya samu abin yi nan Dutsin-Ma, ba zai bi su daji ba."

Ya ce, "Wanne? Mai gyaran janareton? Ai wannan namiji ne, kwamandansu ya yaba mani shi. Ubaidu, in kowa ya janye nashi, wa zai tsare mu? Ni na ba da dukiyata, wasu su ba da ƙarfinsu. Kowa da abin da Allah ya hore mashi. Kada ka kashe wa yaro gwiwa."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Ina Abdullatif, kwana biyu?" Abdullatif ɗanshi ne, sa'ar mutumin.

"Yana Abuja. Ƙirjinshi ba ya son sanyin damina."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na kuma amsa wa kaina da amin mai ƙarfi. Ya ba ni kuɗin mota da lemon kwalba.

Abin haushin, Alhaji ba mugu ba ne. Feturin nashi ne, tocilan nashi ne, ba wanda ya tilasta mashi. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga a hanya. Sai na zagi lemon, ya yi ɗumi.

Lahadi, bayan Magariba

Gobe za su shiga daji.

Mutumin ya same ni a zaure, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba. Ya ce, "Baba, a sa mana albarka, a kuma yafe mani."

Kalma biyu ce ko uku, "kada ka tafi". Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To janareton fa? In ya mutu wa zai tada shi?"

Ya ce, "Na canja fulogi, na zuba baƙin mai. Zai kai ka sati."

Na ce, "To. Allah ya kiyaye. In ka ga ana raba fukafukai a can, ka karɓo mani ko ɗaya ne."

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Mairama ba ta fito daga ɗaki ba, uwa ba ta rakiyar ɗan fari. Ta aiko Zaituna da dambu ƙulle cikin leda, wai a ba yayanta.

Litinin, da asuba

Sun tafi. Na ji ƙarar baburan har ta ɓace, daga nan na ci gaba da jin ta.

Talata

Ruwa tun safe.

Laraba, bayan Azahar

Sun fara shigowa gari da hantsi, ba a jere kamar yadda suka fita ba. Na tsaya bakin titi ina duba bayan kowane babur. Ban taɓa lura da yawan mutanen da ke da irin tsayinshi ba sai yau.

Na tari kwamandansu. Ya ce, "Malam Ubaidu, an warwatsu ne. Wasu na tafe a ƙasa, za su fito." Yana maganar yana kallon hulata.

Ikrima na asibiti a Dutsin-Ma. Harsashi ya same shi a ƙirji, sulken ya yi aikinshi, haƙarƙari kawai ya tsage. Ubanshi ya ce likita ya hana a dame shi da tambaya.

Na gaya wa Mairama suna tafe a ƙasa. Na ce ai kin san shi da nawa, ko makaranta shi ke zuwa ƙarshe. Ta ce, "To." Ta zuba tuwonshi a kwano ta rufe.

Alhamis

Matar nan ta cikin waya ta ce ba a samun lambar. Mun fara sabawa da ita. Da za ta tausaya ta faɗi wani abu daban, ko da ƙarya ce.

Asabar, da hantsi

Zaituna ce ke cin ɗumamen tuwonshi kullum da safe. Ta ce, "Baba, in na ci gaba haka, ni zan riga Ɗan'auta tashi." Ɗiyar ubanta.

Litinin, bayan Azahar

Janareto ya mutu yau. Ya ce zai kai ni sati, ya kai ni sati. Bai taɓa yi mani ƙarya ba, ko a kan fulogi.

Mutane sun rasa irin gaisuwar da za su yi mani. In suka ce "Allah ya bayyana", suna kallon ƙasa. In suka fara "ya haƙu…", sai su haɗiye sauran. Liman ya ja ni gefe a masallaci ya ce, "Malam Ubaidu, ba gaggawa. Amma duk ranar da kuka shirya a fito da tabarmi, ku faɗa mana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, tabarmin namu duk sun yage, sai an yi odar sababbi daga Kano." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Gidajen da aka kawo masu nasu sun yi zaman makoki har sun tashi. Su an kawo masu abin da za su wanke, su sallata, su binne. Yau na kama kaina ina yi masu hassada. Astagfirullah.

Laraba, da rana

Wani makanike ya tada janareton, yana tari kamar tsoho. Na kulle ƙofar gidan kallo na kunna fim ni kaɗai.

Ban kalli jarumin ba. Na riƙa tsai da hoton ina duba mutanen baya, waɗanda ke gudu in bene ya rushe. Akwai wani mai jar riga riƙe da leda, da alama daga cefane yake. Ya bi ta bayan wata mota, motar ta yi sama. Na mai da baya na sake, na kuma sakewa. Ba a nuna ya fito ba. Fim ya ci gaba abinshi, a ƙarshe mai kuɗin ya hau kan bene yana kallon gari, aka sa kiɗa.

Wa ya kai wa matar mai jar riga labari? Ko har yanzu tana rufe mashi abinci? Da fina-finan nan na ciyar da gidana, ban taɓa tambaya ba.

Juma'a

Ba a samun lambar.

Asabar, da yamma

Ƙungiyar matasa ta karrama Alhaji Tukur a filin firamare. Sun ba shi sarautar Garkuwan Matasa. Mai zane ya zana shi a ƙyalle, ƙirji a gaba, alkyabba tana kaɗawa a iska, ruwan dam ɗin Zobe ƙarƙashin ƙafarshi. Ya rage mashi tumbi, ya ƙara mashi damtse.

Sun yi hayar lasifikata, suka ce in riƙe masu taro da ban dariya kafin manya su iso. Na yarda. Buhun gero ya kai gindi, kuma ba ni da wata sana'a sai bakin nan. Na ba su labarin Ɗan'auta Mai Tashi, fili ya kaure da dariya. Har wani ya yi mani liƙi a goshi.

Da aka zo rufewa aka ce a yi fatiha ga 'yan'uwanmu da suka riga mu. Ba a faɗi suna ba. Na ɗaga hannu tare da kowa, sai na tuna ban san ko da nawa a ciki ba. Na sauke hannun a rabi. Ina tsaye gaban jama'a, kowa ya gani.

Bayan taro direban Alhaji ya sauke mana buhun shinkafa a ƙofar gida. Irin shi aka kai gidajen da aka yi rasuwa. Mairama ta dube shi ta ce, "Malam, a jingine shi a zaure. Ba namu ba ne."

Lahadi, bayan La'asar

Zaituna ta ce, "Baba, a fim in jarumi ya mutu ai yana dawowa a kashi na biyu, ko?"

Na ce, "Yana dawowa."

"Kowanne?"

Na ce wanda aka kashe wa kuɗi da yawa, masu fim ba sa barin shi ya tafi. Ta ce, "Ɗan'auta fa, an kashe mashi kuɗi?"

Na ce mata in je in duba janareto.

Talata, da hantsi

Babur ya tsaya a ƙofar gida, aka kashe shi, aka yi tari. Irin tarinshi. Mairama na bakin murhu. Kafin in ɗaga kai ta wuce ni, ba mayafi, ba takalmi, ta ratsa zaure tana cewa, "Sirajo! Sirajo!"

Mai kawo gawayi ne.

Tun ranar da liman ya raɗa sunan nan ban taɓa jin shi a bakinta ba. Ashe haka yake fita a muryarta, da jan ƙarshen. Mai gawayi ya sunkuyar da kai. Ta dawo ta zauna bakin murhu ta ci gaba da fifita wutar da ke ci da kyau.

Ga shi na rubuta. Amma ita ta faɗa, ni kwafa na yi.

Alhamis

Ruwa. Ba a samun lambar. Ba ni da labarin yau.

Asabar, bayan Azahar

Ikrima ya zo. An sallame shi tun kwanaki, sai yau ya iya tako ƙofarmu. Ya zo a ƙasa, ya bar babur a gida. Ya rame. Ya durƙusa a zaure kusa da buhun shinkafa, na ce ya hau tabarma ya ƙi.

Na ce, "Jarumi, ya jikin?"

Ya ce, "Baba, don Allah kada ka kira ni haka."

Ya yi ta murza hularshi. Can ya fara magana, idonshi a ƙasa. Ya ce da abin ya fi ƙarfinsu kwamanda ya ce a juya. Suka kwaso su biyu a babur, shi a gaba, mutumin a baya, har suka iso rafin da ke bakin dajin. Ruwa ya janye amma yashin jiƙe yake, taya ta nutse.

"Baba, ka san yadda ake yi. In babur ya kafe, mai shi ke riƙe kan, na baya ya sauka ya tura. Haka kowa ke yi, ko hanyar kasuwa. Ban ce mashi ya sauka ba, wallahi. Shi ya sauka da kanshi."

Na ce, "Na sani. Haka ake yi."

"Ya tura, ya tura, har taya ta kama ƙasa mai ƙarfi. Lokacin harbin ya matso. Wani abu ya bugi ƙirjina. Baba, hannuna ya murɗa. Na waiga na gan shi yana gudu yana biyo ni, ya miƙo hannu. Tsakaninmu bai fi nan da bakin ƙofa ba."

Na jira.

"Ban tsaya ba."

Na dubi nan da bakin ƙofa. Zauren namu ƙarami ne, kullum ina yi wa Mairama mitar ƙanƙantarshi.

Na ce, "Ka ga ya faɗi?"

"Ban sake waigawa ba."

"Da takalmi a ƙafarshi?"

Ya ce bai lura ba. Ya fashe da kuka, yana cewa in kai shi hukuma, in doke shi, in tsine mashi. Na duba cikina ko akwai tsinuwa, ban samu ba. Yaron da ke cin ɗumame a gidana tun yana ɗan firamare. Ubanshi ya sayi abin da ya iya saya, ni ma na sayi abin da na iya.

Na ce, "Share hawayenka. Ka san hanyar rafin?"

Ya ɗago. "Baba, wurin ba ya shiguwa."

Na ce, "Ran kasuwa da hantsi akan samu sarari, masu itace na zuwa. Ka zo da babur."

Mairama na bayan ƙyaure, na ga inuwar ƙafarta. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa wa katanga komai ba.

Lahadi

Na share gidan kallo, na jera bencina, na kulle. Akuyar ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Litinin, bayan La'asar

Mun dawo. Tabarmi na ƙofar gida, da hannuna na shimfiɗa su. Na aika an gaya wa Liman.

Mun isa rafin rana na ɗagawa. Ruwan sama ya zo ya tafi sau nawa tun ranar, yashi ya kwanta sumul kamar ba a taɓa takawa ba. Muka haye da babur muka jingine shi, muka bi gaɓa sama da ƙasa, muka leƙa cikin geza da ramukan da ruwa ya ci. Sawun shanu, ledar ruwa, guntun igiya. Wani tsohon makiyayi ya wuce da 'yan awakinshi, na kwatanta mashi. Ya ce, "Malam, ni ma nawa nike nema." Muka yi wa juna addu'a.

Ikrima ya nuna mani daidai wurin. Na tsaya a kai. Ba katanga a wurin, ba kowa da zan ji kunya sai Allah. Na sa hannu a baki na kira shi da cikakken sunanshi, Sirajuddeen, irin yadda liman ya faɗa ranar suna. Na sake. Muryata ta yi kyau, shekarun lasifika ba su tafi banza ba. Tsuntsaye suka tashi daga geza. Shi ke nan.

Da za mu dawo, tsakiyar rafi, taya ta nutse.

Na sauka. Ikrima ya riƙe mani riga. "Baba, don girman Allah, kai ka riƙe kan, ni in tura."

Na ce, "Ɗana, ni ko keke ban iya ba. Riƙe kayanka."

Na sa hannu biyu a ƙarfen baya. Yashi na feso mani a fuska, hayaƙi na shiga hancina, takalmina ɗaya ya cire. Aikin da nauyi, ban san haka yake da nauyi ba. Na tura, na tura, sai na ji babur ya yi sauƙi ya fita daga hannuna. Ya haye gaɓa ya bar ni tsaye cikin yashi, hannuwana a miƙe.

Yana hayewa ya taka birki, ya sa ƙafa ƙasa, ya waigo yana jirana.

Ashe ana iya tsayawa.